Yawon Ƙafa a Tsoffin Gidajen Giya na Mancesta

Ni Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, kuma da kuɗin burkutu kakata ta wajen uwa ta riƙe gidanta har ta aurar da 'ya'yanta. Na fara da wannan ne domin na san akasarin masu karanta Hausa Musulmi ne, giya haramun ce a wurinsu, ina kuma girmama hakan. Ko a cocin da na tashi akwai dattawan da ba sa yarda ta shiga musu gida. Ba tallar giya na zo yi ba. Labarin wani birni zan ba ku, wanda na zaga a ƙafa ta ƙofofin da baƙo bai cika shiga ba, da wata tsohuwar sana'a da na tarar an riƙe ta hannu bibbiyu a zamanin da inji ya karɓe kusan komai.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Mancesta, arewa maso yammacin Ingila. Na kai mata ziyara lokacin da ganye ya fara zuba, sanyi ya fara shiga jiki. Maƙwabcinta wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya haura saba'in amma in yana tafiya sai ka ɗaga ƙafa kafin ka cim masa. Baba nake ce masa, yadda ƙanwata ke kiransa. Wata rana muna hira ta kan shingen da ya raba gidajen, na ba shi labarin tukwanen kakata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in shirya ranar Asabar, in sa takalmin da ba ya shan ruwa. Sharaɗinsa guda biyu ne: ba za mu hau mota ba, kuma rabin kofi kawai za mu sha a kowane wuri, wani wurin ma kallo kaɗai. Ya ce wanda ya fita don ya bugu, gida ɗaya ya ishe shi.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly muka fara, muka gangara titin Portland. Titi ne na manyan gine-ginen dutse da jan bulo, ma'ajiyar yadi na zamanin da Mancesta ke tufatar da rabin duniya. Mafi girmansu, wanda aka gama a 1856, yanzu otal ne. A tsakanin waɗannan ƙattai sai ga wani ɗan gini siriri, kamar an manta da shi lokacin rusau. Shi ne Circus Tavern, ginin wajen shekarar 1790. Kana shiga sai ka tarar da kanka cikin lungu wanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata kafaɗa. Kantar sayarwar tana cikin lungun nan, ƙarƙashin matakala, mutum ɗaya tak take ɗauka, masu gidan kuma suna da'awar babu ƙaramar kanta kamarta a duk Turai. Ɗakuna biyu ne kacal, benci ya zagaye bango, bangon cike da hotunan tsoffin 'yan ƙwallon United da City.

Abin da ya fara burge ni shi ne babu inda za ka ɓuya. Gwiwarka na taɓa ta wanda ba ka sani ba, dole ku gaisa. Kusa da ni wani mai fenti ne, da ɗigon fenti a wandonsa, gefensa wata mata cikin kwat mai tsada da jakar ofis, suna musu a kan mai tsaron gidan United kamar tare suka tashi. Ba wanda ya tambayi aikin wani. Turawan Ingila mutane ne masu kame kai, za ka hau jirgi da su awa biyu ba wanda ya ɗago ido, amma a ɗakin nan kafin in zauna sosai an tambaye ni daga ina nake, an kuma ambaci Kanu da Okocha.

A nan Baba ya nuna mini abin da muka fito nema. A kan kanta akwai famfo iri biyu. Ɗaya ɗan ƙaramin makunni ne, ana taɓa shi giya ta zubo da ƙarfin gas, da sanyi kamar ƙanƙara. Ɗayan doguwar mariƙa ce ta katako da tagulla, mai sayarwa na janyo ta da ƙarfin damtse, sau uku ko huɗu kafin kofi ya cika. Wannan na biyun da hannu ake zuƙo giyar daga ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da wata dabara da wani injiniya mai suna Joseph Bramah ya yi wa rajista tun 1797. Ita ce suke kira real ale, ni kuwa giya mai rai nake ce mata, don ba a tace ta ba, ba a dafa ta a kashe yis ɗin cikinta ba, tana ci gaba da nuna a cikin gangar har ranar da za a sha.

Ta kusa ɓacewa. Cikin shekarun 1960 manyan kamfanoni shida suka mamaye harkar giya a Birtaniya, suka saye ƙananan masu dafawa, suka mallaki dubban gidajen giya, suka koma ga wadda aka tace aka cusa wa gas, domin ita ba ta lalacewa da wuri kuma ba ta bukatar gwani. A 1971 wasu samari huɗu daga wannan yanki na arewa maso yamma suna hutu a ƙasar Ailan, suka kafa ƙungiyar da ake kira CAMRA don su ceci ta gargajiyar. Baba ya shige ta tun yana saurayi. Ya zaro katinsa ya nuna mini, da littafin da ƙungiyar ke fitarwa duk shekara na gidajen da suka iya ajiye giya, wanda 'yan ƙungiya ne da kansu ke zagawa suna ɗanɗanawa suna ba da maki, ba tare da an biya su ko kwabo ba. Yana da ɗan littafin rubutu a aljihu. Duk inda muka sha sai ya rubuta sunan giyar, ya sa mata maki daga ɗaya zuwa biyar.

Muka ratsa titin Oxford, yayyafi ya fara, muka nufi titin Great Bridgewater. Da muka sha kwana sai na tsaya cak. Peveril of the Peak gini ne mai hawa biyu, mai kusurwa uku kamar yankan kankana, shi kaɗai a tsakiyar tituna, ko'ina kewaye da shi dogayen gidaje na gilashi da bulo. An lulluɓe ginin da tayil kore shar da ruwan ɗorawa, ruwan sama ya wanke shi yana ta ƙyalli. Ginin na farkon ƙarni na 19 ne, tayil ɗin kuwa wajen 1900 aka sa shi. Duk gidajen ma'aikata da suka yi maƙwabtaka da shi an rushe su tuntuni, shi kaɗai ya tsira, kuma yanzu doka ta hana a taɓa shi. A ciki akwai gilashi mai launi a saman kanta, da murhun gawayi na zamanin Sarauniya Biktoriya, da ƙananan maɓallai a jikin katakon bayan benci waɗanda a da ake dannawa ƙararrawa ta kira mai kawo abin sha. Baba ya sa yatsa ya shafa ɗaya. Ya ce mahaifinsa ya taɓa danna irinsu.

A nan na sha wadda ta fi zauna mini a rai duk ranar. Launinta kamar na zuma, kumfa fari mai kauri a sama kamar yatsa guda. Ba ta da sanyin firji, sanyin randa gare ta, don ɗakin ajiyar tsakanin digiri 11 zuwa 13 ake riƙe shi. Ba ta da gas mai sukar harshe. Da farko zaƙi-zaƙin gasasshen hatsi kake ji, na tsiron sha'ir, sannan ɗaci ya biyo baya a hankali ya tsaya a maƙogwaro, ɗacin furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof. Ƙarfinta bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. Ma'aikatan masaƙa aka yi wa irinta, mutanen da suka wuni cikin ƙurar auduga suna bukatar abin da zai wanke maƙoshi ba tare da ya kayar da su ba. Kumfar nan ma abin alfahari ce a arewacin Ingila. Akwai wani ɗan murfi mai ƙananan huji da suke ɗaurawa a bakin famfo don ya tayar da ita, mutanen Landan kuwa ba sa sa shi, kuma Baba ya yi kusan minti goma yana bayyana mini dalilin da ya sa mutanen Landan ba su san abin da suke yi ba. Da gaske yake, fuskarsa ba alamar wasa.

Abin da na fi so in ba da labarinsa ya faru ne a wani ƙaramin gida da ba ya cikin jerin mashahurai, a wani lungu bayan babban ɗakin karatu na birnin. Mai gidan wata mata ce da ta manyanta, sun san juna da Baba shekara da shekaru. Da ya gaya mata jikan mai dafa giya ne ya kawo mata daga Najeriya, sai ta ɗaga wani murfin katako a bayan kanta ta ce in biyo ta, in kula da kaina. Matakala ce mai tsayi, ƙasa kuma ɗaki ne mai farin fenti, da sanyi, da ƙamshin yis da jiƙaƙƙen dutse.

Gangunan ƙarfe na kwance a jere bisa wani dandamali, kowace an ɗan karkata bakinta ƙasa. Ta dafa ɗaya ta ce wannan jiya aka kawo ta, ba za a taɓa ta ba sai jibi, tana hutawa. Kowace ganga galan tara take ci, wato kofi 72 na ma'auninsu, kowane kofi mililita 568. A saman gangar akwai huji, an toshe shi da ɗan tsinken katako mai laushi, kumfa na tsattsafowa ta jikinsa a hankali. Ta ce in kara kunne. Na kara, sai na ji tana ƙara ƙasa-ƙasa, sii-sii. Idan ta lafa sai a sauya tsinken da mai tauri don kada sauran gas ɗin ya tsere. Akwai wani sinadari da ake samu daga cikin kifi da ake zubawa don ya janyo yis ɗin ya kwanta a ƙasa, giyar ta washe. Ta ɗauko guduma ta katako da famfo, ta saita a bakin wata gangar da ta riga ta huta, ta buga sau ɗaya tak, ko ɗigo bai zuba ba. Ta tsiyayi kaɗan a kofi, ta ɗaga shi wajen fitila, ta shinshina, ta kurɓa, ta gyaɗa kai. Daga lokacin da aka fara sayar da ita, in ji ta, kwana uku gare ta. Iska na shiga, in ba a shanye ba ta yi tsami, sai zubarwa, kuma asarar a wuyanta take.

Ina tsaye a wurin sai ga kakata a idona. Haka take jiƙa dawa ta shimfiɗa ta a inuwa har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa, ta dafa a manyan tukwane, ta bar ta ta kwana, ta sake dafawa, sannan ta zuba ɗan ragowar ta baya don ya tayar da sabuwar. Haka take kara kunne a bakin tukunya da asuba. Burkutu ma da ransa ake shan sa, yana tafasa a ƙwarya ba wuta, in ya kwana biyu ya wuce sha. Hatsin ya bambanta, ɗanɗanon ya yi nisa da juna, amma aikin guda ne: abu ne da ba ya jiran kowa, ba ya tafiya nesa, kuma in ya yi kyau to akwai wani mutum guda da ya tashi da wuri ya kula da shi. Na gaya wa matar haka. Ta riƙe hannuna da nata mai sanyi ta ce in na koma in kai gaisuwarta kabarin tsohuwar.

Tun daga nan na fahimci abin da ya sa sai a ƙafa ake wannan yawo. Giyar kamfani ɗaya, daga tukunya ɗaya, za ta yi daɗi a wannan gida ta lalace a na gaba, domin rabin aikin a hannun mai ajiya yake. Na ga hakan da idona a wani gida da ba zan ambaci sunansa ba. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye, ya miƙa mini in shinshina. Warin tsami ne ya bugi hancina. Ya mayar da kofin kan kanta cikin ladabi, yaron da ke sayarwa ya ɗanɗana, ya ba da haƙuri, ya juya tambarin famfon baya don kada wani ya sake saya, ya zuba mana wata. Ba a ɗaga murya ba.

'Yan taku kaɗan daga Peveril akwai Briton's Protection, wanda ke nan tun farkon shekarun 1800. Daga ƙofarsa in ka ɗaga kai za ka ga dogon benen Beetham mai tsayin mita 169, da waɗanda suka fi shi tsayi a bayansa, sun yi masa rumfa. A lungun ciki an zana hoton abin da ya faru a wani fili da ke kusa, ranar 16 ga Agusta 1819. Mutane kusan dubu 60, akasari masaƙa da matansu da 'ya'yansu, sun taru cikin kayan zuwa coci don su nemi a ba su wakilci a majalisar dokoki, domin a lokacin Mancesta duk girmanta ba ta da ɗan majalisa nata na kanta. Mahukunta suka turo mahaya dawaki da takubba a zare. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Kisan Peterloo ake kiransa. Na daɗe a gaban zanen nan, mutane na gifta ni da kofuna a hannu. Sai a 2019, bayan shekara ɗari biyu cif, birnin ya gina wa mamatan abin tunawa na sosai, amma bangon gidan giya ya riga gwamnati tunawa da su. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. A irin waɗannan ɗakuna ne talakan da ba shi da falo yake karanta jarida, yake haɗa ƙungiyar ƙwadago, yake tara kuɗin jana'iza.

Muka haura ta dandalin St Peter, muka bi titin Cross zuwa wajen babbar majami'a. Old Wellington na can, gini mai baƙin katako da farin bango, na shekarar 1552. Ba nan aka gina shi ba. Bayan bam ɗin da ƙungiyar 'yan bindigar Ailan mai suna IRA ta tayar a tsakiyar birnin ranar 15 ga Yuni 1996, wanda ya raunata mutum fiye da 200, an kwance shi katako bayan katako, shi da maƙwabcinsa Sinclair's, aka sa wa kowane guntu lamba, aka sake haɗa su a nan, aka buɗe a 1999. Cike yake da 'yan yawon buɗe ido, ba mu zauna ba. A gaskiya bai kama zuciyata kamar na baya ba. An ceci ginin, amma unguwar da ta haife shi ba ta biyo shi ba.

Daga nan tafiyar ta miƙe, muka yi arewa, muka bar shaguna a baya. Mun ratsa wani ɗan lambu mai suna Angel Meadow, ciyawa kore, mutane na yawo da karnuka. Baba ya ce in taka a hankali, ƙarƙashinmu talakawa kusan dubu 40 ne aka binne, tun zamanin da unguwar ke cikin mafi muni a Ingila. Ya nuna mini yamma, inda kamfanin Boddingtons ya yi fiye da shekara ɗari biyu yana dafa giya kafin a rufe shi a 2005. Ya ce da can ƙamshin tsiro na tafasa yakan rufe unguwar gaba ɗaya da safe. Tsoffin kamfanonin iyali huɗu ne suka rage a yankin, ya lissafa su da yatsu: J.W. Lees tun 1828, Robinsons tun 1838, Joseph Holt tun 1849, Hydes tun 1863.

A kan titin Rochdale muka isa Marble Arch, ginin 1888. Da shigata na ji kamar ƙasa na janye ni, ashe daɓen ne a karkace, ya bi gangaren tudun, tun daga ƙofa har kanta. An yi masa ado da ƙananan duwatsu masu launi, bango da rufi duk tayil mai ƙyalli, a can sama an rubuta sunayen abubuwan sha da manyan haruffa a jikin tayil ɗin. A 1997 masu gidan suka fara dafa tasu giyar a ɗakin baya don gidan ya tsira, tun kafin abin ya zama yayi, yanzu kuwa sunan Marble ya kai ko'ina a ƙasar. Na ɗanɗana tasu, ta fi ta farko haske da ɗaci, da ƙamshi kamar ɓawon lemo. Muka zauna kusa da murhu, takalmanmu na tururi. Ba talabijin, ba kiɗa mai ƙarfi, hayaƙin taba ma babu tun da aka hana sha a cikin gini a 2007. Muryoyin mutane kawai kake ji.

Da la'asar muka dawo cikin gari ta unguwar da ake kira Northern Quarter, inda na yi alkawari da wani abokina ɗan Funtuwa da ke karatun digiri na uku a jami'ar birnin. Musulmi ne mai riƙo da addini, na kuma san ba zai taka gidan giya ba, don haka a ƙofar masallacin titin Turner muka jira shi ya idar da salla. Yana fitowa ya ce, “Mutumin Zazzau, ka sha yawo, ga shi duk ka jiƙe.” Ya gaida Baba da hannu biyu. Ya kai mu wani ɗan gidan abinci na 'yan Pakistan a lungu, irin waɗanda aka buɗe tun asali don ma'aikatan shagunan yadi, inda ake zuba maka shinkafa da miya kala uku a faranti ɗaya da kuɗi kaɗan. Muna ci yake gaya wa Baba cewa a garinsu har yau akwai unguwar da ake kira BCGA, sunan ƙungiyar noman auduga da attajiran masaƙu suka kafa a nan Mancesta a 1902, wadda ta kafa injinan gurzar auduga a ƙasar Hausa. Baba ya ajiye cokali. Kakarsa a masaƙa ta yi aiki tun tana yarinya. Ya ce ke nan mai yiwuwa audugar da kakanninmu suka tsinka ta ratsa hannunta.

Abokin nawa, Malam nake ce masa, ya tsaya duba littattafai a wani shago, mu kuma muka leƙa Port Street Beer House, wanda aka buɗe a 2011, don in ga ɗaya ɓangaren. Nan duniyar samari ce. Allo cike da sunaye, famfuna a jere, giya daga ƙananan kamfanoni na Ingila da Beljiyam da Amurka, wata ƙarfinta ya haura kashi goma, shi ya sa ake sayar da ita a sulusin kofi. Wadda aka ba ni ɗanɗano ta kamfanin Cloudwater ce, wanda aka kafa a birnin a 2014, yana bayan tashar Piccadilly. Launinta a dame yake kamar ruwan lemo, tana ƙamshin mangwaro da gwaiba alhali babu ko ɗaya a ciki, duk aikin hof ɗin Amurka ne irin su Citra da Mosaic. Sulusin kofinta ya kusa kuɗin cikakken kofi na ta ganga.

Na zaci Baba zai yatsina fuska, amma bai yi ba. Ya ce yaran nan sun dawo da sha'awa cikin sana'ar, kuma da yawansu gwanaye ne. Damuwarsa ɗaya ce. Ta ganga ita ta fi wahalar yi, ita ta fi saurin lalacewa, ita ce kuma mafi arha a kanta, saboda mutane sun saba ɗaukar ta abin shan talaka. Cloudwater ɗin ma a farkon 2017 sun sanar za su daina yin ta don ba riba, ko da yake daga baya sun dawo da ita. Gidajen giya a Birtaniya sun ragu daga kusan dubu 60 a shekarar 2000 zuwa kusan dubu 45 yanzu. A nawa ganin sabuwar giyar tana da ban sha'awa, amma za ka iya zuba ta a gwangwani ka aika Tokyo ta isa yadda take. Ta gangar sai ka zo inda take, ka zauna da mutanen wurin. Zuciyata na tare da ita.

Duhu ya fara lokacin da Malam ya ce shi ma yana da abin da zai nuna mana. Ya bi da mu ta Piccadilly Gardens, kuma a nan na ga ɗaya fuskar lamarin, wadda ba zan ɓoye ba. Mutane kwance a bakin shaguna cikin bargo da gwangwanaye a gefensu, wata yarinya da ba ta wuce ashirin ba tana amai a jikin bango, ƙawarta na riƙe mata gashi. Na san wannan fuskar tun daga gida. Ƙanen mahaifiyata giya ce ta cinye gonarsa, sannan ta cinye shi. Duk kyan tayil da daɗin hira ba su goge wannan ba, Baba ma bai yi ƙoƙarin kare shi ba.

A titin Granby Row, cikin harabar tsoffin gine-ginen jami'a, Malam ya tsaya gaban wata ƙatuwar kwalba da aka sassaƙa da itace, kewaye da 'ya'yan inabi da wasu 'ya'yan itatuwa manya-manya. A titin nan ne a 1908 wani mai suna John Noel Nichols ya fara haɗa Vimto, a daidai lokacin da masu yaƙi da shan giya ke da ƙarfi a yankin. Tun 1832 wasu mutum bakwai a garin Preston, ƙarƙashin jagorancin Joseph Livesey, suka sa hannu a kan alkawarin barin giya, a 1853 kuma aka kafa babbar ƙungiyar neman haramta sayar da ita a nan Mancesta. Har shagunan sha suka buɗe masu kanta da benci kamar na gidan giya, amma ba barasa, domin sun gane ma'aikaci ba abin sha kaɗai yake nema ba, yana neman wuri mai ɗumi da zai zauna da 'yan'uwansa. Malam ya ce a Saudiyya ya fara sanin Vimto, inda da wuya a yi buɗa-baki a watan azumi babu shi a kan tabarma, bai taɓa tsammanin daga wannan lungu ya fito ba sai da ya zo karatu.

Baba ya ce mahaifiyarsa 'yar cocin Metodis ce, ta sa hannu a irin wancan alkawari tun tana budurwa kuma ba ta taɓa karya shi ba, mahaifinsa kuwa kullum da yamma yana gidan giya, kofi biyu ya dawo gida, haka suka zauna shekara arba'in da wani abu. Ya duba agogo, jirginsa ya kusa. Ya ce Asabar mai zuwa Stockport za mu, minti goma ne a jirgi, can kamfanin Robinsons yake, akwai kuma tsohuwar kasuwa da gidan tarihin masu yin hula. Malam ya ce in dai za a shiga kasuwar da gidan hular to a sa da shi, sauran wuraren kuma zai jira mu a wajen mai shayi. Baba ya zaro ɗan littafinsa ya rubuta lokacin jirgi, ya yaga takardar gida biyu ya miƙa wa kowannenmu.